Yadda Ake Riƙe Takardar Goge Har Wata Ya Tsaya

Issa, na ji an ba ka kujerata da alƙalamina da hular da na bari a jikin ƙusa. Allah ya sanya alheri. Shekara goma sha tara na yi ina tafinta a biron nan, ofishin Nasaran Faransa, na ga zuwan Kumandan bakwai, kuma shidan da suka tafi ba wanda bai rubuta cewa Inusa mutumin kirki ne ba. Saboda haka ka karanta wannan a tsanake. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin damina biyu za a riƙa cire takalmi tun daga nesa in an hango ka, kuma gidanka ya daina sayen ƙwan zabi har abada. Da ajami na rubuta don kada Kumandan ya tsinta ya karanta. Kada ka tambayi abin da ya hana ni zuwa in gaya maka da baki, za mu kai wurin.

Da takardar goge zan koya maka, don ita ce mafi sauƙi. Ka san tun shekarar da Nasara suka tsorata da taron 'yan bori aka hana jan goge da kaɗa ƙwarya sai da izinin biro. 'Yar takarda ce, tafin hannu ya fi ta faɗi. Amma wanda ya iya riƙe ta, fatantin mahauta, wato izinin sana'arsu, da izinin bindiga da takardar tafiyar fatake duk wasa ne a wurinsa.

1. Ka fara sanin ranar da mutum yake tsoro

Kowane mai neman takarda yana da wata rana a ransa. Bafatake yana tsoron ayari ya tashi ya bar shi. Mahauci yana tsoron kasuwar Juma'a ta ci ba shi. Kada ka tambayi mutum me yake so, wannan ko gardi, dogarin biro mai bulala a bakin ƙofa, zai iya. Kai ka tambaye shi yaushe yake so.

Ɗauki misalin Hasiya. Bara ta zo, saura kwana ashirin da biyu azumi, daga wani ƙauye a kan hanyar Tibiri, tafiyar yini guda a ƙafa. Mijinta Gado yana cikin waɗanda aka kwasa aikin tilas na hanyar mota. Hanya ta ci karo da wata tsohuwar tsamiya wadda duk ƙasar ta san tana da mai ita. Kumandan ya ce a sare, kowa ya noƙe, gardi ya miƙa wa Gado gatari don shi ne a kusa. Ya sare. Ya koma gida bakinsa ya rufe. Ba magana, ba cin tuwo, sai kunun da ake ɗura masa, kullum ƙara zubewa yake. Masu sani suka duba suka ce Doguwar tsamiyar ce ta kama shi, kuma magani ɗaya ne: a yi masa girka, kwana bakwai ana goge, a ba ta haƙuri ta sake shi.

"Ranka shi daɗe," in ji Hasiya, tana durƙushe a gaban teburina, "in wata ya tsaya ɗamre iskoki akai, ba mai jan goge sai bayan Salla. Shi ko maigidana ba shi kai Salla hakanan."

Ka ji? Ko tambaya ban yi ba ta miƙo mini ranar da hannunta. Mutanen ƙauye haka suke, ba su iya ɓoye komai ba, shi ya sa nake ƙaunarsu.

2. Kada ka ce a'a, kada ka ce to

"A'a" ta Kumandan ce. "To" kuwa ba a san mai ita ba, ni dai ban taɓa ganin ta a biro ba. Taka ita ce "dawo jibi." Wanda ka ce wa a'a ya huta, zai tafi ya nemi wata dabara, ka yi asararsa. Wanda ka ce wa to ya gama da kai. Amma mai "dawo jibi" naka ne, shi da zabinsa.

Faɗinta ma sai an koya. Ba da tsawa ba. Ka sunkuyar da kai, ka ja numfashi, ka nuna kai abin ya fi damu. Na ce mata, "Wallahi baiwar Allah, da ta ni ta, da yau kin kwana da ita. Amma hatimi na cikin akwati, mabuɗi na ga Kumandan, Kumandan ya tahi rangadi." A lokacin Kumandan yana bayan bango yana yanke farce. Ta yi mini godiya. Ta ajiye ƙwan zabi a ƙwarya, na kau da kai don kada in gani, daga baya matata ta zo ta ɗauka.

Jibi ga mutumin gari ba komai ba ce. Ga mai tafiyar yini guda, wadda sai ta koma ta ɗura wa miji kunu sannan ta juyo, jibi tana da tsawo. Sau biyu muka yi haka.

3. Ranar Litinin, ka san abin da za ka ɗora a sama

Litinin Kumandan yake zama kan takardu, da wakilin sarkin kanto, hakimin ƙasar, a gefensa yana gyangyaɗi. Ka lura, ba ya wuce takarda bakwai, daga nan zafi ya kama shi ya tashi. To kai ne mai jera su. A sama ka sa masu dogon numfashi. A Litinin ɗin nan na ɗora maganar ko rumfar mahauta za ta dubi gabas ko yamma, da maganar inda za a ɗaure jakunan 'yan kanwa, da ƙarar wani mai awo da ya ce mudun maƙwabcinsa ya fi nasa zurfi. Mudun kaɗai ya ci hantsi, don sai da aka kawo gero aka gwada sau huɗu, aka yanke cewa dukansu ba daidai ba ne, a sake zama a kai.

Takardar Hasiya ita ce ta takwas. Kwana shida suka tafi ban taɓa komai ba.

4. Kada ka bar layi fanko

Kowane Kumandan da ciwonsa. Wani giya, wani doki, wani tsaftar masai. Na yanzu, wanda ka gada a wurina, mutanen gari sun sa masa Cika-Layi, kuma ba su zalunce shi ba. In ya ga layi ba rubutu a takarda sai wuyansa ya yi ja, ya fara wa'azi kan lalacin baƙar fata. Takardar goge kuwa layi goma gare ta a ƙarƙashin "sunayen manyan da za su halarci taro."

Da Hasiya ta dawo na ce ta lissafa. Ta ce mai goge, da masu ƙwarya biyu, da tsohuwar da za ta yi girkar, da ita kanta, da marar lafiya. Shida. Na ce saura huɗu.

"Iyakarmu ke nan, ranka shi daɗe."

"Ki dai tuna. Wa za shi zo kuma? Manya nika nuhi."

Ta rage murya. "To, in manya kaka so, ai don su akai. Sarkin Rahi na zuwa. Ɗan Galadima na zuwa. Kure ba a hana mai. Sai ita mai tsamiyar."

Issa, ni ɗan Arewa ne. Kakata goɗiyar Sarkin Rafi ce, a gabana yake hawanta tun ban san boko ba. Na san iskoki ta lissafa mini, ita ma ta san na sani. Amma layi huɗu ne a gabana kuma rana ta take. Na tsoma alƙalami na jera su da rubutun Faransanci mai kyau: na bakwai Sarkin Rafi, na takwas Ɗan Galadima, na tara Kure, ta goma Doguwa. Takarda ta cika ta yi kyau, har na ɗaga ta ina kallo.

5. In an ritsa ka, ka faɗi gaskiya zalla

Kumandan ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a na bakwai. Ya jawo babban littafin ƙidaya ya bi ƙauyen gida gida. Shidan farko suna ciki. Huɗun babu.

Ya ce wane ne wannan sarki da ba shi ya naɗa ba? Wane rafi yake mulki, alhali duk ƙasar nan ba rafin da yake kai kaka da ruwa? Galadiman wa ya haifi wancan?

A nan sabon shiga yake faɗuwa. Zai ce, "Ranka ya daɗe, iskoki ne, kuskure na yi." A yi dariya, a soke layi huɗu, a buga hatimi, mace ta kama hanya kafin la'asar. Aikin bai kai shan ruwa ba. Amma ka yi tunani: daga ranar Kumandan ya san tafintansa yana rubuta waɗanda ba a gani. Gobe zai fara tambayar sauran layukan da ka cika masa. Tafinta ba ya kuskure. In an ga kuskure, mai magana ne bai iya magana ba.

Sai na ce masa manyan baƙi ne. Ya ce daga ina? Na ce ba su da gari takamaimai, suna zuwa suna tafiya. Ya ce suna biyan lanho, harajin kai, kamar kowa? Na ce ban taɓa ji ba, su ma ake kai wa. Ya ce suna tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi? Na ce har Argungu da Sakkwato an san su, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu takardar tafiya. Ya ce talakawa suna jin maganarsu? Na ce fiye da ta sarkin kanto.

Ka duba gwanintar da kyau. Ko ƙarya ɗaya ban yi ba.

Kumandan ya tashi ya rufe taga. Ya ce shekara biyu ke nan yana jin warin wannan makirci. Hasiya tana bakin ƙofa tana kallon bakunanmu.

"Mi yac ce?" in ji ta.

"Ya ce ya ji tausai ƙwarai. Ki dawo gata."

6. Ka samar wa gardi abin yi

Gardin da ba shi da aiki kai yake sa wa ido. Aka ba Maikano, babban gardi, mutum uku da dawakai su kamo baƙin huɗu da rai. Maikano ɗan ƙasa ne, uwarsa 'yar wajen Lugu ce, cibiyar masu bori. Na karanta masa sunayen, ya dube ni, na dube shi.

"Tahinta, da igiya za mu taho da su ko da sarƙa?"

Na ce wanda ya fi sauƙi. Ya ce to, ya sa a ɗaura sirdi.

Kwana uku suka yi a ƙauyen. Sun leƙa kowane rumbu, sun zura mashi a kowace tukunya. Baƙar akuyar da Hasiya ta tanada don yankan girka, ita suka ci a rana ta biyu. Sun tambayi Gado inda baƙin suke bai amsa ba, aka rubuta cewa ya ƙi magana. Da za su taho, don kada su shigo hannu rabbana, suka sauke goge daga rataye suka zo da shi, mai gogen yana biye da kayansa a ƙafa. Da ya iso aka ga tunda ya zo da kansa a sa shi kaso, gidan yarinmu. Rahoton Maikano gajere ne: baƙin ba su kamu ba, amma kowa a ƙauyen ya rantse suna nan kusa.

Kumandan ya ƙara masa igiya ɗaya a hannun riga.

7. Abin da ya yi nauyi, ka tura shi sama

Kumandan ya rubuta shafi tara zuwa babban biro na can bakin kogi, ni na kwafe masa. Aka maƙala takardar Hasiya a baya a matsayin shaida. Wannan ita ce hikimar da ta fi duka, don takardar da ta tafi sama ba ta hannun kowa. Duk wanda ya zo sai ka buɗe tafin hannu ka nuna masa yamma da haɓa.

Za ka ce me ya hana su yi girkarsu ba takarda? Goge yana ɗakin ajiyarmu da lamba a wuyansa, mai shi yana kaso, kuma daga Gecheme har Lugu ba mai gogen da zai taka ƙauyen da gardawa suka kwana uku.

Saura kwana takwas Hasiya ta dawo. Wannan karon ba ƙwai, zabin ta sayar ta nemi wata akuya. Ba ta durƙusa ba, a kan dakali ta zauna don ƙafafunta sun kumbura.

"Tahinta, kai ɗan Arewa na. Ka san su wa na hwaɗa ma. Shiga ka gaya mai."

"Magana ta wuce nan, ta tahi bisa."

"Kalma guda ta. Kai bakinka lahiya lau shike. Shi da ba shi iyawa, shina can kwance."

Ba zan ɓoye maka ba, a ranar na ji kunya, na ji tausayi. Har na miƙe, har na tura ƙofar Kumandan. Sai na tuna shafi taran nan da rubutuna a jiki, na hango hulata a kan wani. Kumandan ya ɗago ya ce mene ne? Na ce ko yana son a kawo masa ruwa. Irin wannan lokacin zai zo maka kai ma. Ka zauna, ka gyara takardun gabanka, yana wucewa.

Wata ya tsaya ranar Talata. Na yi azumina cikakke, ban sha ko ɗaya ba.

8. In takarda ta sauko, ka miƙa ta da hannu biyu

Amsa ta zo bayan Salla da kwana biyar. Manyan can sun yaba da himmar Kumandan. Sun ce a saki mai goge, a ba da izinin wasa, ko baƙin za su fito fili. Suka haɗo da takardar kira mai hatimi biyu: Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Kure da Doguwa su gabatar da kansu a biro, su fara ta wurin tafinta don a ɗauki bayaninsu.

Gado ya rasu ran sha ɗaya ga azumi, bai ce uffan ba. Hasiya tana takaba, amma biro bai san takaba ba, gardi ya je ya zo da ita ta karɓi abin da ta nema. Na yi mata gaisuwa yadda ya kamata, sannan na miƙa mata izinin da hannu biyu. Ka tuna, ban taɓa hana ta ba.

Ta juya takardar gaba da baya ta ce in karanta mata. Na karanta.

"Waccan hwa, mai hatimi biyu?"

Na ce wannan ba tata ba ce. Ta ce tafiya biyar ta yi, a karanta mata. Na karanta da ƙarfi a tsakar biro, suna bayan suna, na juya mata da Hausa kalma kalma, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

"Wurin wa anka ce su hwara?"

"Wurin tahinta."

"To madalla," in ji ta. "Mu da goge muka kiransu, da akuya, da ban haƙuri, wani bi su zo wani bi su ƙiya. Ba a taɓa kiransu da hatimi ba. Kai ka rubuta su, kai ka kira sunansu da bakinka. Ni ban da sauran magana da su." Ta ajiye izinin gogen a kan teburina, ta danne shi da kwalbar tawada. "Aje wagga. Wata rana ka biɗe ta."

Ta fita ba sallama. Maikano yana bakin ƙofa, ya matsa mata fiye da yadda yake matsa wa Kumandan.

9. Ka kula da maƙogwaronka

Wannan shawarar lafiya ce kawai, ba ta da haɗi da abin da ya gabata. Da bazara ina tsakiyar juya shari'ar wata gona, kalma ta tsaya mini a wuya. Na yi tari ta fito. Da damina Faransancin ya fara tafiya. Kumandan zai yi magana, ina ji, ina ganewa, in buɗe baki sai huci. Da kaka Hausar ta bi shi. Lokotoron bariki ya leƙa da cokali ya ce bai ga komai ba, ya ba ni kinin. Malamai sun yi rubutu na sha har haƙorana suka yi baƙi. Kumandan ya ce bai san layin da zai sa tafintan da ba ya magana ba, shi ne aka nemo ka.

Ni dai na ce sanyi ne. Matata A'i ce ba ta yarda ba. Ta je ta yi tambaya wurin masu sani, ka kuwa san irin abin da mata suke jiyowa. Yanzu kunu take ɗura mini.

Ba ruwan Inusa

Duk abin da ke sama ban ce ka yi ba. Ban ma ce komai ba, unguwa shaida ce, wata biyu ke nan ba a ji muryata ba. In ka bi matakan nan ka yi ƙiba, rabonka ne. In wani abu ya biyo ka gida, tsakaninku ne, kada a ambaci sunana. Tsamiya Kumandan ya ce a sare, gatari gardi ya miƙa, layi goma a Faransa aka buga su, wata kuwa ba ni na tsayar da shi ba. Wanda ya ga laifina a ciki ya kawo takarda.

Sai abu ɗaya. Wadda ta miƙo maka wannan, mai shuɗin zanen da ke tsaye a bakin ƙofarka, A'i ce. Takardar goge take nema. Wadda Hasiya ta bari na duba ta ya fi sau ɗari, sunan Gado ne a kai, kuma ranarta ta wuce. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya tsaya, girka kwana bakwai ce, ka ga na miƙa maka ranar da hannuna. Mutum shida ne za su zo. Ka bar layi huɗun nan fanko, Issa, wuyansa ya yi ja ya gaji. Ƙwan zabin da ke cikin ƙwaryarta naka ne, ko an buga hatimi ko ba a buga ba. Don Allah kada ka ce mata jibi.